Ranar zuba dakin: kowa ya faɗi abin da ya gani a wurin aikinsa

Fomen daga Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa magina. Ina so mu tattauna ranar zuba dakin, wato ranar da ake zuba kankaren saman gini, domin a ganina babu ranar da ta kai ta hatsari a sana'armu. Leburori talatin ko arba'in, yawancinsu da safen nan aka kwaso su daga bakin titi, ba su san juna ba, ba su san ginin ba. An kafa gadar katako daga ƙasa zuwa sama, kowa na gudu da kwanon kankare a ka, ƙafa da silifa. Mai injin kwaɓa na ihu, mai gida na duba agogo saboda hayar injin ta yini ce. Kowa ya kawo abin da ya gani da yadda ake yi a wurinsu. Don Allah kada a kama sunan kamfani ko na mutum.

Tsohon kafinta, Zariya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mutane suna kallon masu hawa da sauka, ni kuwa ƙasan dakin nake kallo, inda gorar tokare take. Akwai wani gini da muka yi da damina, an kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, gorar kuwa a kan turɓaya aka kafa ta ba katako a gindinta. An ci rabin zubi sai na ji katako yana ƙara, na leƙa na ga tsakiya ta fara lotsawa. Na daka tsawa kowa ya sauka. Mai gida ya yi ta faɗa wai zan jawo masa asarar siminti, amma injiniyan ya tsaya a bayana, aka ƙara tokare aka ci gaba. Da ya bi bayan mai gida, Allah kaɗai ya san gawa nawa za a zaƙulo.

Abu na biyu shi ne gaggawar cire katako. Kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, mu kuma a al'adar aikinmu mukan bar tokaren mako uku. Yanzu sai ka ga an cire tun mako bai cika ba don a mayar da katakon haya, har a ɗora bulo a kai. Duk sanda na tuna benen da ya rufta a titin Beirut na Kano a watan Agustan 2022, ana tsakar gina shi a tsakiyar 'yan kasuwar waya, sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Lebura, Gusau:
Baba kafinta, Allah ya saka da alheri. Ni bari in faɗi namu na masu kwano. Aikin dakin jinga ne, shugaban leburori ya karɓa a dunƙule, in an gama da la'asar a raba, in an kai dare ma kuɗin bai ƙaru ba. To wa zai tsaya? Shi ya sa yara da yawa suke shan tramadol tun da asuba, don kada su ji nauyi. Wanda ya sha kuwa ba ya jin gajiya, ba ya jin ƙishirwa, ba ya ganin gefen katako. Abokina haka ya zame daga hawa na biyu, ƙafa ta karye. Aka sa shi a Keke aka kai wa mai ɗori, aka ba shi kuɗin yininsa, aka ce ƙaddara ce, aka ci gaba da zubi. Na yarda da ƙaddara, amma gadar nan katako biyu ce kawai, ba abin dafawa, ga ruwan siminti ya sa ta santsi. Wannan ai hannun mutum ne ya kafa ta.

Sai kuma cin siminti. Wanda bai yi aikin ba bai san ɗanyen kankare yana ƙona fata ba. In ya shiga cikin takalmin roba ba ka ji a lokacin, sai da dare ka ga ƙafa ta saluɓe. Ni yanzu ina ajiye jarkar ruwa kusa, da ya taɓa ni in wanke.

Injiniya, Abuja:
Sannunku da ƙoƙari. Malam na Gusau, Allah ya ba abokinka lafiya. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, wato NSITF, don a kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki, kuma ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi. Matsalar ita ce ƙananan gine-ginen unguwa ba wanda ya rubuta sunan lebura, balle a san ya taɓa zuwa.

A wurinmu abin da ya fi amfani ba ya cin kuɗi. Kafin a kunna inji muna tsayawa minti goma, da Hausa, a nuna wa kowa hanyar hawa da hanyar sauka daban, a nuna ramin matakala da aka rufe, a ce duk wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba ya ɗaga murya, ba za a taɓa kuɗinsa ba. Da farko ba wanda ke magana, suna tsoron kada a ce sun cika ƙorafi. Ranar da wani yaro ya nuna mana ƙusar da ta sake a gada, na gode masa a gaban kowa, daga nan bakuna suka buɗe. Kuma ni ba na shiga wurin aiki ba hular kwano, ko minti ɗaya zan yi. Lebura abin da oga yake yi yake kallo. Hatsari kuma ba ya ƙyale oga: a benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rushe a Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, mutum fiye da 40 suka rasu, har da mai ginin kansa.

Ɗan kwangila, Bauchi:
Ranki ya daɗe Injiniya, maganarki gaskiya ce, amma ku manyan kamfani ne. Mu mai gida yana tara mu uku ya ba wanda ya fi araha. In na sa kuɗin sikafol na ƙarfe, wato dandamalin da ake hawa a yi aiki, da takalma a lissafi, an ba wani. Na taɓa sayen huluna da safar hannu na raba, kafin wata ya ƙare wasu sun sayar, wasu suka ce hular tana dafa musu kai. Abin da ya yi mini aiki shi ne na daina raba su kyauta, suna wurin mai gadi, ka karɓa da safe ka mayar da yamma. Ranar dakin kuma na daina ba da jinga, kuɗin yini nake biya, in sa randar ruwa da abincin rana, a huta lokacin azahar. Ya fi tsada kaɗan, amma gudun nan na hauka ya ragu, kankaren ma ya fi kyau don ana samun lokacin cusa shi.

Birkila a Riyad:
A nan Saudiyya doka ce, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba ba a aiki a cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3. In ka hau sama kuma sai da igiyar ɗaure jiki. Da na zo ina ganin ɓata lokaci ne, yanzu in na ga hoton 'yan'uwa a gida a kan gora hawa uku ba komai a jikinsu sai gabana ya faɗi. Zafin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yana haura digiri 40. Me zai hana a fara zubi bayan sallar asuba?

Matar birkila, Katsina:
Ku yi haƙuri in sa baki. Ku kuna maganar wurin aiki, mu muke karɓarsu a gida. Maigidana ranar dakin ba ya iya sunkuyawa ya yi alwala sai an taimaka masa, ga tarin da ƙurar siminti ta bar masa. Da ya kwanta jinya, damuwar abin da za a ci ta fi ciwon cin sa, ya daina magana da kowa. Abokan aikinsa ne suka kafa adashi na musamman don wanda ya ji rauni, kuma suna zuwa gaishe shi duk Juma'a. Da wannan muka tsaya da ƙafarmu.

Mai ɗaurin rodi, Kaduna:
Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Ba wanda ya ambaci wayar wuta. Rodi tsawonsa mita 12, in kana jan sa zuwa sama ido yana kan hannunka, kansa kuwa yana can yana lilo. Babbar waya ba sai an taɓa ta ba, in ƙarfe ya matso sosai wuta tana tsallakowa. Na ga wanda ta jefar daga kan dakin, ya rayu amma ya rasa yatsu. Tun daga nan in gini yana kusa da waya, a ƙasa muke yankawa mu lanƙwasa, sannan mu hau da shi ta bayan gini, mutum ɗaya kuma aikinsa kawai kallon kan rodin. Fomen, ku a Kano yaya kuke yi a lungunan da waya ta bi ta kan katanga?