Neman kalma: "light gun", da abin da za a kira harbin da ke sauka gefe

Malama_Mai_Fassara
Assalamu alaikum. Ina fassara ɗan littafin koyar da haɗa akwatin gem da MAME, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta kunna tsofaffin wasannin gidan gem, kuma ranar Alhamis zai tafi wurin ɗab'i. Babin gyaran allo da bindiga ne ya tsaya mini. Kalma uku nake nema: ita "light gun" ɗin kanta, sai "calibration", sai "offset", wato ka auna abu harbin ya sauka can gefe. Na sa "bindigar haske" kafin in samu wadda ta fi, amma ba ta kwanta mini ba.

Injiniya_Mai_Rediyo
Wa alaikumus salam, Malama. Dole ta ƙi kwanciya, don bindigar ba ta fitar da haske, karɓa take yi. Zapper ta Nintendo da ake harbin agwagi da ita, ido ɗaya ne a cikin bakinta. In ka ja kunama allon ya yi baƙi ƙirin na ƙiftawar ido, sai farin murabba'i ya fito inda agwagwar take. Idon ya ga fari, ka samu. Bai gani ba, ka kuskure. Na gidan gem, irin Lethal Enforcers ta Konami ta 1992, sun fi wayo. Talabijin mai doro layi-layi yake zana hoto daga sama zuwa ƙasa, layi kusan 15,700 a daƙiƙa. Bindigar tana jiran zanen ya gifta ta gabanta, injin wasan ya lissafa wurin daga lokacin da ya gifta. Filasmar yanzu ba haka take fitar da hoto ba, ga kuma jinkiri, shi ya sa tsohuwar bindiga ba ta ganin komai a gabanta. Ni "bindigar allo" zan ce.

Dattijo_Mai_Nahawu
To ai kun faɗi sunan da bakinku ba ku lura ba. Abin da aikinsa gani ne, sunansa GANAU. Gaɓa biyu, Hausa tsantsa. Allo kuwa na almajirai ne, ku bar musu abinsu.

Ɗan_Maraɗi
Baba, da girmanka, ganau ai shaida ne. In Malama ta rubuta "ganau ya karkace", mai karatu zai ɗauka wani ne ya canza magana a gaban alƙali.

Malama, kafin suna, ki raba bindigogin yanzu gida biyu, don ciwonsu ba ɗaya ba ne. Sinden kyamara ce a bakinta, tana neman farin layi da aka zagaye hoton da shi. In talabijin yana yanke gefen hoto, layin ya ɓace, bindiga ta rikice. Maganin shi ne a shiga saitin girman hoto a zaɓi wanda ke nuna hoton duka, LG na kiransa Just Scan. Gilashi mai duhu a gaban allo ma yana dishe layin, sai a ƙara kaurinsa ko hasken allon. AimTrak da Gun4IR kuwa ƙananan fitilu suke kallo masu hasken da idon mutum ba ya gani, kamar rimot ɗin Wii, na'urar gem ta Nintendo. AimTrak sanda ɗaya ce a saman allo, Gun4IR wuri huɗu ne a kewayensa. Abokin gabarsu rana ne. Taga a bayan akwatin, ko hasken da gilashi ya dawo da shi, sai alamar da ke nuna inda aka auna ta yi ta tsalle. Don a gane ko fitilun na ci, a duba su ta kyamarar waya, yawanci za a ga ɗigo mai ruwan shunayya.

Injiniya_Mai_Rediyo
"Offset" ni gocewa zan ce, harbi ya goce. Amma iri biyu ce, kuma a nan masu haɗawa suka fi ɓata lokaci. Akwai wadda ko'ina ka harba tazarar ɗaya ce, misali kullum yatsa biyu zuwa hagu. Wannan saiti ne ya lalace, wato "calibration" ɗin da kike nema, a sake shi. Akwai kuma wadda a tsakiya daidai take cif, amma kana matsawa gefe tana ƙaruwa. Wannan ko sau ɗari ka sake saiti ba za ta tafi ba. Wasan 4:3 ne a kan allo 16:9, wato a awon faɗi da tsayi allon ya fi hoton wasan faɗi. A allo mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsayi, hoton wasan faɗinsa 1440 ne kawai, saura 240 baƙi a dama, 240 a hagu. Bindiga tana lissafi da allon duka, wasan yana lissafi da nasa 1440 ɗin. Ko dai a buɗe hoton ya cika allo, mutane su yi ƙiba, ko a sa bindigar a yanayin 4:3 in tana da shi. A Sinden, farin layin ya zagaye hoton wasan kansa, ba bakin talabijin ba. Ki kira ta farko gocewar bai-ɗaya, ta biyu gocewar gefe.

Dattijo_Mai_Nahawu
Gocewa na yarda. Amma "saiti" fa? Turanci ne da ya sa hula. Muna da auna, muna da bara, muna da daidaita. A ce daidaita barar ganau.

Hajiya_Edita
Baba, "barar ganau" sai a zaci roƙo ya fita, tun da a rubuce ba a ganin karin sauti. Kuma in aro ne laifi, bindiga daga Larabci ta zo, allon da kake karewa ma haka. Mafarauci da soja da mai gyaran rediyo duk saiti suke cewa.

Dattijo_Mai_Nahawu
Larabci daban, Hajiya. Shekara ɗaruruwa muna tare. Ku 'yan boko sai kun ji kalma a BBC kuke yarda Hausa ce.

Ɗan_Maraɗi
Ku kuma mutanen Kano sai kun ji ta a Kano. Mu nan tele muke cewa, ba talabijin ba, kuma ba mu taɓa kai ƙararku ba.

Hajiya_Edita
Wa ya kawo Kano cikin maganar nan? Ni Bazazzagiya ce.

Malama_Mai_Fassara
Don Allah a yi haƙuri, Alhamis na matsowa. Injiniya, saiti guda ne ko biyu? Littafin ya ambace shi a wuri biyu.

Injiniya_Mai_Rediyo
Biyu ne, kuma da tsari. Na farko na bindigar ne, a manhajarta, kana tsaye daidai inda za ka riƙa wasa. A gama shi a tabbatar kibiyar Windows tana bin bakin bindiga har kusurwa huɗu. Sannan a buɗe mame.ini, fayil ɗin tsare-tsaren MAME, a sa lightgun 1, lightgun_device lightgun, da lightgunprovider rawinput in bindiga biyu ce. Na biyu na cikin wasan ne: a danna F2 a shiga shafin gwaji, a harbi alamomin da ya nuna. MAME na ajiye shi a jakar nvram. In ya dagule, a goge nvram ta wannan wasan kaɗai a sake. Wanda ya fara da na biyu kafin na farko, kuskuren bindigar ya koya wa wasan.

Abu biyu kuma ki ƙara. In akwai ƙaramin allo na biyu a saman akwati mai nuna sunan wasa, a tabbatar allon wasan ne babba a Windows, in ba haka ba harbi can zai tafi. Kuma Windows kan musanya lambar bindigogi bayan an kashe an kunna, ta ɗaya ta koma ta biyu. Ana ɗaure kowacce da lambarta da umarnin mapdevice a fayil ɗin ctrlr na MAME.

Baba, ga abin da ya hana ni karɓar ganau. Terminator 2 ta Midway ta 1991, bindigoginta a kafe suke jikin akwati, ba su da ido ko ɗaya. Abin murɗawa ne a gindinsu irin na ƙara sautin rediyo, shi ke faɗin inda baki ya juya. Amma babin Malama dole ya haɗa da su. Ganau bai ɗauke su ba, bindigar haske ma haka. Bindigar allo ta ɗauke su duka.

Dattijo_Mai_Nahawu
To waccan sai a kira ta jiyau.

Hajiya_Edita
Baba ya kusa buɗe ƙamus nasa na kansa.

Malama_Mai_Fassara
Ga abin da zan miƙa: bindigar allo, saiti, gocewar bai-ɗaya da gocewar gefe. Inda ake bayanin kyamarar Sinden zan rubuta "idon bindiga". Baba, zan sa ganau sau ɗaya a ƙasan shafi, a ce wasu na kiranta haka. "Emulator", wato manhaja irin MAME, har yanzu babu, "manhajar kwaikwayo" na kai hankali ga fim.

Dattijo_Mai_Nahawu
"Wasu" ba suna ba ne, amma na karɓa. Saiti dai ban sa hannu ba. Ita kuma waccan ta ƙarshe ina da kalma, ki bari in idar da la'asar.