Cinikin Mookie Betts ya cije: shin Boston na da hurumin ja da baya bayan an sallama?

Nasiru, Gwammaja. Juma'a, 7 ga Fabrairu, 2020

Assalamu alaikum. Na san mu masu bin wasan besbol (wasan Amurka da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda) a garin nan yawanmu bai taka kara ya karya ba, amma ina da tambayar da ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya, kuma ba ni da inda zan kai ta sai wurinku. A daren Talata labari ya fito cewa ƙungiyar Boston Red Sox ta amince ta miƙa Mookie Betts da David Price ga Los Angeles Dodgers, ita kuma ta karɓi Alex Verdugo daga Dodgers, tare da wani matashin mai jifa ɗan ƙasar Benezuwela, Brusdar Graterol, daga Minnesota Twins, yayin da Twins za ta ɗauki Kenta Maeda daga Dodgers. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai ga shi yau kwana uku ciniki bai faɗa ba, domin an ruwaito cewa Boston ta duba takardun lafiyar Graterol, ta ce hannunsa ba zai jure aikin mai buɗe wasa da ke jifa zagaye biyar ko shida ba, sai dai ya zama mai karɓa, wato wanda ke canjin mai jifa na ɗan lokaci a ƙarshen wasa, don haka tana neman a ƙara mata wani abu.

Ni magoyin bayan Boston ne, kuma a 2018 na sha raba dare ina kallonsu a waya, domin wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a can, sha biyun dare ne a Kano. A shekarar Betts ya zama gwarzon ɗan wasan rukunin American League, kuma Dodgers ɗin nan muka doke muka ɗauki kofin World Series. Zuciyata tana so cinikin ya wargaje gaba ɗaya. Amma abin da nake tambaya daban ne: shin daidai ne ƙungiya ta amince, duniya ta ji, sannan ta dawo ta ce a sake zama?

Alhaji Mudi, Fagge. Juma'a

Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Zan ba ka amsa da abin da na sani, wato kasuwa, domin shekarata talatin ina hada-hadar yadi a Kantin Kwari. Idan mutum ya taya dila, na ce na sallama, har ya ba da kafin alƙalami, sannan aka kwance ɗauri ya tarar ruwa ya taɓa rabin kayan, babu dattijon kasuwar da zai ce dole ya ɗauka a kan farashin farko. Malamanmu ma sun karantar da mu cewa mai saye yana da zaɓin mayar da haja idan ya ga aibin da bai sani ba. A besbol kuwa sharaɗin a fili yake: duk musayar 'yan wasa tana rataye ne a kan duba lafiya, kuma ba ta tabbata sai kowace ƙungiya ta gamsu. 'Yan jarida ne suka yi gaggawar shela, ƙungiyoyin ba su sanar da komai a hukumance ba.

Kuma ka dubi abin da Boston za ta rabu da shi. Betts shekararsa 27, yana ganiyarsa, albashinsa na bana dala miliyan 27 ne, kuma da ƙarewar kakar nan zai zama mai cin gashin kansa, ya tafi inda ya ga dama. Wanda zai saki irin wannan ɗan wasa dole ya tabbatar abin da aka danƙa masa ya kai. Tsakanin mai buɗe wasa da mai karɓa akwai tazarar daraja mai yawa, domin na farko zai iya jifa zagaye ɗari da tamanin a kaka guda, na biyu kuwa da wuya ya wuce saba'in. A ganina Boston ba ta yi laifi ba.

Maman Hanifa, Tarauni. Asabar, 8 ga Fabrairu

Alhaji, ina gaisuwa, kuma tare da girmamawa zan saɓa maka ta hanyar misalin da ka kawo. Zaɓin mayar da haja yana tabbata ne a kan aibin da ya ɓoyu. Wanda ya ga aibi da idonsa kafin ya taya, ba shi da bakin dawowa daga baya. Tarihin hannun Graterol ba sirri ba ne ga kowa: an yi masa tiyatar gwiwar hannu tun yana ƙaramin ɗan wasa, kuma a 2019 ciwon kafaɗa ya zaunar da shi na tsawon makonni. Duk mai waya zai iya karanta wannan, balle ƙungiyar da ke da likitoci da masu sa ido a kan 'yan wasa. Kuma duk da haka yaron ya dawo a watan Satumba, ya shiga babbar gasa, yana jifan da ke kai mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 160.

Aikina gashin ƙashi ne da gyaran gaɓoɓi, don haka ba na raina gwajin lafiya ko kaɗan. Duk ɗan Najeriya ya san cewa gwajin da Inter Milan ta yi wa Nwankwo Kanu a 1996, bayan ya dawo da zinare daga gasar Olamfik ta Atlanta, shi ne ya gano matsalar zuciyarsa, aka yi masa aiki a Amurka, ya rayu har ya taka leda a Arsenal. Wannan gwaji ne da ya ceci rai. Abin da ke faruwa yanzu kuwa ya fi kama da mayar da takardar likita sandar ciniki. Yaro ɗan shekara 21 ya wayi gari duniya tana tattauna kafaɗarsa kamar ragon layya, kuma ko cinikin ya faɗa ko bai faɗa ba, wannan tambarin zai bi shi duk ranar da ya zauna neman kwantiragi. Sirrin majiyyaci amana ne, kuma wani ya fitar da shi ga 'yan jarida.

Sannan ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Akwai wani cinikin da ya rataya a kan wannan, wanda zai kai Joc Pederson da Ross Stripling daga Dodgers zuwa Los Angeles Angels. Saura 'yan kwanaki a shiga sansanin atisaye, na Boston a Florida, na Dodgers a Arizona, ga mutane da iyalansu ba su san garin da za su kama haya ba. Shi ya sa shugaban ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, Tony Clark, ya fito jiya ya nemi a kawo ƙarshen lamarin ba tare da ƙarin jinkiri ba. Mu da muka saba da ƙwallon Turai mukan manta cewa a can sai ɗan wasa ya amince da sabon kulob kafin ya koma, a besbol kuwa, in dai babu sharaɗin hana musaya a kwantiraginsa ko bai kai wasu shekarun aiki ba, sai dai a kira shi a waya a ce ya haɗa kayansa.

Baba Malam, Sabuwar Ƙofa. Asabar

'Yata Maman Hanifa ta yi magana mai nauyi. Ni zan ƙara muku da tarihi, domin ina karatu a Amurka lokacin da irin wannan ta faru da Boston ɗin nan. A watan Disamba na 2003 ta kusa karɓo Alex Rodriguez daga Texas Rangers, ta ba da Manny Ramirez. Rodriguez yana kan kwantiragin dala miliyan 252 na shekara goma, kuma ya yarda a rage masa kuɗi don ya koma Boston, amma ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta ƙi, domin ba ta yarda a rage darajar kwantiragin da aka riga aka sa wa hannu ba. Ciniki ya mutu. A Fabrairun 2004 sai ga shi a New York Yankees, babbar abokiyar gabar Boston, kuma na ga magoya baya suna juyayi kamar an yi musu rasuwa. A watan Oktoba na shekarar, Yankees ta ci Boston wasa uku a jere, Boston ta rama huɗu a jere, ta wuce ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1918, kuma Ramirez ɗin da aka so a bayar shi ne gwarzon wasannin ƙarshe.

Sai dai kada Nasiru ya ɗauki wannan a matsayin bushara. A wancan karon Boston saye take son yi, abin ya ƙi. Yanzu sayarwa take yi, kuma dalilin da ya sa take sayarwa bai gushe ba don an sami tsaiko. Iyakar albashin da ƙungiya za ta biya bana ba tare da harajin wuce gona da iri ba dala miliyan 208 ce, kuma mai ƙungiyar, John Henry, ya faɗa tun watan Satumba cewa yana son su sauka ƙasa da ita. Shi ya sa aka haɗa da Price, wanda ake bin Boston dala miliyan 96 na shekara uku a kansa. Wannan John Henry shi ne dai mai Liverpool da kuke kallo a gidajen ƙwallo tana jan teburin Firimiya da tazarar maki 22, wanda kulob ɗinsa ya biya fam miliyan 75 ya sayi Virgil van Dijk. Ba talauci ne ya kama shi ba, lissafi ya yi. Abin da ya fi yi wa mutanen Boston ciwo shi ne shekara ɗari ke nan cif da sayar da fitaccen ɗan wasansu Babe Ruth ga Yankees, kuma sun san abin da ya biyo baya: ba su sake ɗaukar kofi ba sai a 2004.

Alhaji Mudi, Fagge. Lahadi, 9 ga Fabrairu

Hajiya, na karɓi gyara a kan batun fallasa sirrin yaron, wannan kam bai dace ba ko a kasuwa. Amma ina nan a kan bakana a ɗaya ɓangaren. Sanin cewa an taɓa yi wa mutum tiyata daban, ganin hoton cikin gaɓar daban, kuma ƙungiya ba ta samun cikakkun takardun sai bayan an cimma matsaya. Babu ɗayanmu da ya ga abin da likitocin Boston suka gani.

Nasiru, Gwammaja. Litinin, 10 ga Fabrairu

Na gode muku duka, musamman Baba Malam da ya hana ni yaudarar kaina. Ciniki ya faɗa. An raba shi gida biyu: Betts da Price sun tafi Dodgers, Boston za ta biya rabin kuɗin Price, ta karɓi Verdugo da wasu matasa biyu, Jeter Downs da Connor Wong. Maeda ya tafi Twins kamar yadda aka tsara, Graterol kuwa Dodgers ce ta ɗauke shi da kanta, wato likitocinta sun duba takardun nan dai, sun ga abin da za su iya aiki da shi. Cinikin Angels ya wargaje, Pederson da Stripling suna nan inda suke.

Alhaji zai ce jinkirin ya yi wa Boston rana tunda ta sami mutum uku maimakon biyu, kuma ba zan yi musu ba. Amma ni hujjar Maman Hanifa ta fi zauna mini, domin abin da Boston ta ƙara samu, da sunan yaron nan aka biya shi. Yanzu matsalata ta koma ta agogo: wasan dare a Los Angeles yana farawa ne wajen ƙarfe uku na dare a Kano, ya ƙare bayan an idar da sallar asuba, kuma ina da shago da zan buɗe ƙarfe takwas.