An tsare min yaro a ɗaki shi kaɗai a makaranta, doka ta yarda da haka a Amurka?

Maman Biyu, Columbus:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa 8, yana da lalurar otizim (mai shafar magana da mu'amala da mutane), yana aji biyu a wata makarantar gwamnati a nan Ohio. Ranar Talata ina yi masa wanka na ga shatin yatsu a damtsensa. Maganarsa ba ta da yawa, amma da na lallaɓa shi sai ya ce an kai shi "ƙaramin ɗaki", ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ba wanda ya kira ni. Da na je washegari, malamar ta ce ya yi jifa da littafi ne, sai suka riƙe shi suka kai shi wurin da zai huce. Tun ranar, da ya hango motar makaranta sai ya ƙanƙame min zane. Na san ɗana yana da wuyar sha'ani in ƙara ta dame shi. Amma littafi fa? Suna da hurumin yin haka? Ta ina zan fara?

Anti Malama:
Wa alaikumussalam. Sannu Maman Biyu, Allah ya raya mana shi. Ina taimaka wa malamai a ajin yara masu buƙata ta musamman a jiharku. Ƙa'idar Ohio, wadda aka kafa a 2013, ba ta yarda a riƙe yaro da ƙarfi ko a keɓe shi ba sai in yana gab da ji wa kansa ko wani rauni, kuma babu wata hanyar da ta rage. Ba horo ba ne, ba kuma don malami ya samu sauƙin aji ba. Ɗakin ba a sa masa makulli, kuma dole babba ya zuba wa yaron ido har ya fito. Kifa yaro rubda-ciki a danne shi an hana shi gaba ɗaya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne rashin kiran. Dole su sanar da iyaye nan take, su kuma ba da rahoto a rubuce cikin awa 24. Ki tura wa shugaban makarantar imel yau ki nemi rahoton: ƙarfe nawa, minti nawa, su wa suka riƙe shi, me suka gwada kafin nan, kuma wannan ne karo na farko? Ki ɗauki hoton damtsen kafin shatin ya ɓace. Sannan ki nemi a kira zaman IEP ɗinsa, wato tsarin karatu na musamman da makaranta da iyaye ke rubuta wa yaro mai buƙata ta musamman, a binciko abin da ke tunzura shi, a rubuta matakan da za a bi kafin abu ya kai ga riƙo. In Turancin zaman zai yi miki nauyi, haƙƙinki ne su kawo tafinta.

Alhajin Bronx:
Hajiya, ni dai shawarata a bi a hankali. Mu da muka sha dorina a makarantar allo ga mu nan lafiya. Baƙo ba ya jan rigima da hukuma, kar yaron ya koma abin tsangwama a wurin malamai.

Baban Kalifa:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. Yaron da ba ya iya faɗin abin da aka yi masa, in uwarsa ta yi shiru wa ya rage masa? Kuma riƙon nan yana kisa. A 2009 ofishin binciken majalisar Amurka, GAO, ya fitar da rahoto mai ɗauke da ɗaruruwan zarge-zarge, har da yaran da numfashinsu ya ɗauke a ƙarƙashin manya. Majalisar wakilai ta zartar da ƙudurin taƙaita riƙo da keɓe ɗalibai a 2010, ya maƙale a majalisar dattawa, shi ya sa kowace jiha take da nata tsarin. A New York inda kake zaune, tun 2023 aka hana keɓe ɗalibi a irin wannan ɗakin. Maryland ta hana a makarantun gwamnati a 2022. Illinois kuwa sai da 'yan jarida suka tono sama da 20,000 na irin wannan tsarewar a 2019 kafin gwamnati ta motsa. Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta tarayya na 2017 zuwa 2018 sun nuna kusan kashi 80 cikin 100 na yaran da aka riƙe da ƙarfi masu buƙata ta musamman ne, alhali kashi 13 ne kawai na ɗalibai.

Maman Biyu, in makarantar ta yi miki kunnen uwar shegu, ki kira Disability Rights Ohio, ƙungiyar da ke kare haƙƙin masu buƙata ta musamman a jiharku, ko ki kai ƙorafi ma'aikatar ilimi ta jiha.

Maman Biyu, Columbus:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji, na fahimci tsoronka, ni ma shi ya hana ni magana tun farko, amma ba zan iya sake tura shi cikin motar nan ban san abin da ke jiransa ba. Na ɗauki hoton, na tura imel ɗin. Anti, in na ce ina so su nuna min ɗakin da idona kafin zaman, za su iya hana ni?