Kamfanin mujallu ya ce sai kotun Landan, mu sa hannu ko mu dakata?

Ma'aikacin laburare, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Wani kamfanin buga mujallun ilimi na Ingila ya turo wa laburarenmu yarjejeniyar shekara 3 ta karanta mujallunsu ta intanet. A ciki an ce dokar Ingila za a bi, kuma kotun Landan kaɗai za ta saurari duk wata rigima. Lauyan makaranta ya ƙi amincewa, wakilinsu kuma ya ce ba a taɓa musu takarda. Ɗalibai na jira. Ina mafita?

Lauya, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, Malam. Abu biyu ne aka haɗa muku, ku raba su: dokar da za a fassara yarjejeniyar da ita, da wurin da za a yi shari'ar. Dokar Ingila ba ta cika cutarwa ba, tunda dokar kwangilarmu daga can ta samo tushe. Wurin shari'ar ne ke cin kuɗi, don lauyan Landan da fam ake biyansa.

Ku fara neman a goge sharaɗin kotun Landan gaba ɗaya. In sun ƙi, a rubuta cewa mai ƙara shi zai bi wanda yake ƙara har gida: su zo Kaduna, ku ku je Landan. In nan ma an cije, a koma ga sasanci (arbitration, wato wani ya yanke hukunci a wajen kotu), mai sasanci ɗaya, mazauni Legas, zama ta intanet. Najeriya na cikin Yarjejeniyar New York ta 1958 kan zartar da hukuncin sasanci tsakanin ƙasashe, ga kuma dokar sasanci ta 2023, don haka hukuncin zai zartu a ƙasashen biyu.

Kada ku sa hannu da tunanin kotunmu za ta cece ku. Gaskiya ne a shari'ar Sonnar da Nordwind ta 1987 Kotun Ƙoli ta yarda a saurari ƙara a nan duk da irin wannan sharaɗi, amma mai neman haka sai ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili.

Shugabar laburare, Zariya:
Barista ya yi daidai, sai dai da wuya a kai ga kotu. Abin da ke faruwa shi ne ɗalibi ɗaya ya ba da lambar sirrinsa, a sauke maƙaloli rututu cikin dare, a wayi gari kamfanin ya toshe wa makarantar duka hanyar shiga mujallun. Ku nemi a rubuta cewa adireshin IP (lambar na'ura a intanet) ɗin da ya yi laifi kaɗai za a toshe, da sanarwa a rubuce, da wa'adin kwana 30 na gyara. Kuma kada ku yarda makaranta ta ɗauki diyyar laifin ɗalibi.

Malamin shari'a, Barnawa:
Ƙari kan na Hajiya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta soke duk sharaɗin kwangila da ya hana abin da ita ta halatta, amma alƙalin Landan ba lalle ya duba ta ba. Ku sa jimla ɗaya: babu abin da zai rage wa laburare haƙƙinsa a ƙarƙashin wannan doka. Ku ƙara da cewa takardar da aka sa wa hannu ita ke gaba da sharuɗɗan da ke shafin kamfanin, don waɗancan ana sauya su ba da saninku ba.