Azumin rage teɓa da koyon tuƙin tirela, ku taimaka min da shawara

Sabon Koyo:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 44, shekara goma sha biyar ina aikin zaman ofis har aka yi ragin ma'aikata da ni a ciki, to yanzu na koma koyon tuƙin babbar mota sati na uku kenan. Da na je gwajin lafiya na lasisi jinina ya nuna 148/94, nauyi kilo 104, likita ta ce in rage ƙiba in dawo a sake aunawa. Na fara azumin nan na awa 16 ba ci sai ruwa, a ci abinci cikin awa 8. Matsalar ita ce jiya wajen ƙarfe sha ɗaya ina koyon ribas da bodi sai na ji hannuna na karkarwa a kan sitiyari, gumi ya jiƙa min baya, madubi ma sai da na ƙifta ido sau biyu kafin na ga layin sosai. Gaskiya na tsorata. Dan Allah wanda ya taɓa haɗa biyun ya ba ni shawara.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko ka faɗa wa mai koya maka abin da ya faru, kada ka ɓoye masa. Shekara 26 ina jan tirela kuma abin da na sani shi ne ba a gwada sabon abu a jiki ana kan sitiyari. Motar da ke gudun kilomita 80 tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, idonka ya rufe na daƙiƙa uku kaɗai ka wuce mita sittin da wani abu ba ka sani ba, ga lodi a bayanka wanda birki ba ya tsayar da shi nan take. Ni ban ce ka bar azumin ba amma ka matsar da shi, ka ci da safe kafin ka hau mota, ka rufe cin da wuri kamar ƙarfe biyar na yamma, yunwar ta same ka kana barci.

Anti Nas:
Baba ya faɗi gaskiya. Amma ɗan'uwa kana shan wani magani? Kuma an auna maka suga? Karkarwa da gumi da gani dishi-dishi alamu ne na faɗuwar suga, wato ƙasa da 70 a na'urar nan ta huda yatsa. Mai ciwon suga da ke amfani da allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide bai kamata ya fara irin wannan azumin ba sai likita ya gyara masa maganin, metformin shi kaɗai bai cika kayar da suga ba. Idan kuma maganin hawan jini ne mai sa fitsari to yana iya zama ƙarancin ruwa ne ya ba ka jiri. Ka nemi a yi maka gwajin suga na safe kafin ka ci komai, 126 zuwa sama in aka maimaita ciwon suga ne, daga 100 zuwa 125 kuma gargaɗi ne. Jinin ma ka riƙa aunawa a gida safe da yamma na sati ɗaya kana rubutawa, don wasu da sun ga likita yake hawa.

Sabon Koyo:
Anti ba na shan komai tukuna, sugar kuma fitsari kawai aka duba. Zan je a yi na jinin in sha Allah.

Ɗan Tanka:
Oga ni kilo 13 na rage cikin wata bakwai ina kan hanya kuma wlh ba azumin ne ya fara yi min aiki ba, lemon kwalba na bari. Da ina shan uku a rana saboda zafin kan mota, ashe gwangwani ɗaya yana da sukari wajen giram 35, alhali hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi kada babba ya wuce kamar giram 50 a yini. Yanzu ƙaramar kula ce a bayan kujerata, dafaffen ƙwai huɗu, kifi ko kaza, wake, kabeji da karas a yanke, gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya, sai jarkar ruwa. In ba ka ɗauko naka daga gida ba duk abin da ka tarar a inda ka tsaya shi za ka ci, kuma yawanci soyayye ne gishiri kamar me, shi ma gishirin bai kamata ya kai giram 5 a rana ba, cokalin shayi ɗaya kenan har da wanda ke cikin abincin gwangwani.

Maman Direba:
Mijina da awa 12 ya fara, bayan sati biyu ya koma 14, can ya tsaya bai taɓa kaiwa 16 ba kuma tumbin ya sauka. Kai ka yi tsalle ne ɗan'uwa, jiki na son a bi shi a hankali. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati ya isa.

Mai Gajeren Zango:
Ni dai ban yarda da azumin nan ga mai koyo ba gsky. Kwanyarka na fama da kuloci da giya da lissafin inda wutsiyar bodi za ta bi a kwana, ka ƙara mata yunwa? Ka ci sau uku ƙanana har ka karɓi lasisi, ranakun da ba ka hawa mota ka yi azuminka.

Tsohon Direba:
Wannan ma hanya ce. Abin da zan ƙara, cika ciki da rana shi ma haɗari ne, tsakanin ƙarfe biyu da huɗu jiki dama yana neman barci, ka ɗora masa tulin shinkafa sai gyangyaɗi. Kofi kuma bayan awa biyar rabinsa na nan a jini, ka sha da yamma ka rasa barcin dare gobe ka tashi a gajiye. A Turai doka ce bayan awa huɗu da rabi na tuƙi a huta minti 45, ni a irin hutun nan nake zagaya motar ina buga tayoyi ina duba igiyar lodi, sai in ƙara tafiyar minti goma da sauri.

Anti Nas:
Tafiyar nan in ka tara minti 150 a sati ka cika abin da ake so. Abu ɗaya da ba a taɓo ba, ka tambayi iyalinka ko kana minshari mai ƙarfi har numfashi ya ɗan tsaya. Yana yawa ga masu kaurin wuya, yana hawar da jini yana sa barcin rana, kuma ana maganinsa, ka faɗa wa likitar in akwai.

Sabon Koyo:
Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Minsharin kam uwargida ta daɗe tana magana, zan faɗa wa likita ranar gwajin. Daga gobe zan karya da ƙwai ƙarfe bakwai in rufe ƙarfe bakwai na yamma, awa 12 tukuna. Ɗan Tanka kular nan lita nawa ce taka, kuma ƙanƙara na kai maka yamma?

Ɗan Tanka:
Lita 12 ce oga. Ka daskarar da robar ruwa biyu tun dare ka sa a ƙasa, suna kaiwa yamma, in sun narke kuma ka shanye su.