GED da Hausa: wadda ke cikin kwamfuta da wadda ke intanet, me za mu kira su?

Assalamu alaikum jama'a. Wata kalma ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan mu taru a kanta.

Ni nake riƙe wa kawuna lissafi da takardu a nan Garwa. Kayansa daga Duwala suke tasowa a jirgin ƙasa, a sauke a Ngaundere, a loda a manyan motoci su bi ta Garwa da Marwa har Kusiri, su haye gadar Ngeli su shiga Njamena. Kowace mota da damin takardunta: faktir (takardar lissafin kuɗin kaya), takardun duwan (wato kwastam), na inshora, rasit ɗin mai, da 'yan guntayen da direba ke ciro wa daga aljihun gaba duk sun sha gumi. Kuma ba a zubarwa. Dokar lissafi ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda Kamaru da Chadi ke cikin ƙasashe 17 masu bin ta, ta ce littattafan lissafi da takardun shaidarsu a ajiye su shekara 10. Shekara goma a kwali, a ɗakin da gara ta riga ta san hanya. Na taɓa ɗaga kwalin wata shekara, gindinsa ya zauna a ƙasa, sama kawai ya biyo hannuna.

To sai wani yaro mai gyara mana kwamfuta ya kawo shawarar mu koma GED, abin da Faransawa ke nufi da gestion électronique des documents. Ya ce iri biyu ce: akwai wadda ake sakawa a cikin kwamfutar ofis, komai ya zauna a nan, akwai kuma wadda ake shiga ta intanet, takardun na can a injinan wani kamfani. Masu Ingilishi su ce desktop da web, mu nan ka ji ana cewa "an lokal" da "an liñ". Na je zan yi wa Kawu bayani, tunda kuɗinsa ne za a kashe. Na fara da "Kawu, wani lojisiyel ne", ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ɗan nan, yi mini Hausa. Abin da ba ka iya faɗa da Hausa ba, ba ka gane shi ba." Na buɗe baki na rufe.

Kalmar farko ba ta ba ni wahala ba. Lojisiyel dai manhaja ce, haka muke ji a gidajen rediyo, ko da yake da can manhajar karatu muka sani. Ta zauna, ban ga dalilin tayar da ita ba.

Inda na tsaya shi ne GED ɗin kanta. Da farko na rubuta "rumbun takardu", ya yi mini daɗi a baki. Amma rumbu zubawa kawai ake yi. Dosiyen da ka buɗe a kwamfuta ka jibga komai a ciki, ka sa masa suna "sabo", na gefensa "sabo na biyu", na ukun "sabo na gaskiya", wannan shi ne rumbu, kuma kowannenmu yana da irinsa. GED aikinta ya wuce nan. Za ta tambaye ka takardar ta wane ce, ta wace mota, wace rana. In ka yi skane ɗin faktir, wato inji ya ɗauki hotonsa zuwa kwamfuta, mai kyau daga cikin GED za ta karanta rubutun da ke jikin hoton, gobe ka buga lambar mota ta fito maka da shi. In an gyara kwantiragi sau huɗu, huɗun suna nan, kowane da sunan wanda ya taɓa shi da lokacin. Sannan ta san wanda aka yarda ya ga albashin ma'aikata da wanda ba a yarda ba. Wannan ba aikin ɗaki ba ne, aikin mutum ne mai riƙe da mabuɗi.

Shi ya sa na so "magatakarda". Tsohuwar sarauta ce, mai riƙe takardun sarki. Sai na tuna yanzu an ba babban sakatare wannan suna, har na Majalisar Ɗinkin Duniya. In na ce wa Kawu mu sayi magatakarda, zai tambaye ni nawa ne albashinsa. Na ajiye ta da baƙin ciki.

Abin da ya rage a hannuna shi ne "ma'ajin takardu". Abin da na so a cikinta, ma'aji a Hausa yana iya zama wurin ajiya, yana iya zama mutumin da aka damƙa wa dukiya. Murya ce ke raba su, a rubuce kuwa ɗaya ne. GED kuma duka biyun ce. Wannan ita ce shawarata. Saura rabe iri biyun, nan ne nake neman ku.

Ƙari, bayan kwana biyu. Na gode, amsoshi sun zo fiye da yadda na zata.

Wani ɗan'uwa daga Kano ya ce me ya sa ake wahala, ai akwai "yanar gizo", a ce ma'ajin gizo kawai. Malam, na gwada. Kawu ya yi dariya har ya cire hula. Ya ce, "Wato Gizon Ƙoƙi zan ba ajiyar takarduna?" Mu da muka saba da kalmar mun manta wane ne Gizo a tatsuniya. Wanda bai saba ba, mayaudari yake ji. A labarai ba komai, amma a maganar amana sunan ya riga ya ɓata ciniki.

Mutum uku sun kawo "girgije" ko "gajimare". Wannan ita ce na fi ƙi, kuma zan faɗi dalili. Fassara ce kai tsaye ta kalmar Turawa, kuma kalmar Turawan ma ta talla ce. Babu takardar kowa a sama. Suna cikin wasu manyan gine-gine cike da injina, a Faransa ko Amurka ko wata ƙasa, da wutar lantarki da masu gadi. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin irin waɗannan gine-gine na kamfanin OVH a Strasbourg, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka rasa kayansu. Girgije ba ya cin wuta, sito ne ke ci. Kalmar da za ta sa ɗan kasuwa ya manta cewa kayansa na ɗakin wani, ba na son ta. Balle mu mutanen Arewa mun san halin girgije: ya haɗu ka sa rai, iska ta kwashe shi.

Ta cikin kwamfuta kuma, wata Hajiya daga Marwa ta ce "girkakkiya", tunda girka ta ake yi kamar tukunya a murhu. Hajiya, kalmar ta yi kyau ƙwarai, har na rubuta ta a bangon littafina. Sai wani ya tuna mana girka ta 'yan bori. Ban ce wannan ya kashe ta ba, muna cewa an girka inji ba wanda ke tunanin iskoki. Amma dai ta faɗi yadda manhajar ta shiga, ba ta faɗi inda takardun ke kwana ba, kuma shi ne abin da mai kuɗi ke tambaya.

Wani malamin makaranta daga Njamena ya zo da abin da ya kusa kayar da ni: "ta saye" da "ta haya". Ya ce ta intanet wata-wata ko shekara-shekara ake biya, kowane ma'aikaci da kuɗin kansa, ranar da ka daina biya a rufe maka ƙofa, kamar shagon haya. Gaskiya ne, Malam, kuma ciwon ya fi haka a wurinmu, don da yawansu katin banki suke nema, kuɗinmu kuwa a Orange Money da MoMo yake. Na kwana ina juya ta. Abin da ya hana ni, yanzu waɗanda ake sakawa a kwamfuta ma da yawa sun koma biyan shekara. Sannan akwai irin su Nextcloud da Alfresco, waɗanda za ka iya sakawa a injinka na ofis amma ka shige su ta burauza kamar na intanet. Google Drive kuma yana ba kowa giga 15 kyauta, ba saye ba haya. In muka rataya sunan a kan kuɗi, kowace shekara sai mun sake shi.

Abin da ba ya sauyawa shi ne wurin kwanan takarda. Bari in ba ku abu biyu da suka same mu.

Wata rana da zafi, direbanmu ya kira daga Kusiri, an tsayar da shi, takarda ɗaya babu. Kwafinta na cikin kwamfutar ofis a Garwa. Wuta babu tun safe. Kun san yadda rani ke yi mana idan ruwan madatsar Lagdo, mai ba mu wuta, ya ja baya. Janareto ya ƙi tashi, yaron da ya san kan janareton ya tafi ɗaurin aure. Takardar na gabana, taku uku tsakanina da ita, a cikin baƙin akwati mai ƙura, ba ni da hanyar taɓa ta. Motar ta kwana biyu a can, direba na ci da kuɗin Kawu. Da a intanet take, da direban da kansa ya buɗe ta a wayarsa.

Na biyun kuma ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma. Wani abokina da ya mayar da komai nasa intanet, mai yi mini dariyar kwalaye, shi ne ya zo ofishinmu yana tambaya ko muna da kwafin wani faktir da muka taɓa yi tare. Muna da shi. 'Yan'uwanmu na Chadi ma sun fi mu sanin wannan, tunda ƙasar ba ta da teku, wayar intanet sai ta ratso ƙasar maƙwabta kafin ta iso su.

To kowanne da ranar da yake juya maka baya, kuma dalilin ɗaya ne: inda takardar take. Ɗaya tana gidanka, ƙura da zafi da ɓarawo da wuta duk naka ne, amma mabuɗi na aljihunka. Ɗaya tana nesa, wani ke gadinta, kana isa gare ta daga ko'ina muddin hanya a buɗe take.

Don haka ga inda na tsaya: ma'ajin gida, da ma'ajin nesa. Wanda ke injin ofis amma ana shigarsa ta burauza, na gida ne, tunda a gida yake kwana. Wani ya ce "na waje" ya fi dacewa da "na gida" a kunne. Haka ne, amma "na waje" kan ja hankali zuwa ƙasar waje, kuma kamfanin da ke ajiye maka zai iya zama a Yawunde ko Duwala. Nesa dai nesa ce.

Na kai wa Kawu jiya bayan la'asar. Bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Tambaya ya yi: "In na ba ma'ajin nesa, zan iya riƙe kwafi a wurin na gida?" Na ce sosai, haka ma ya kamata. Ya ce, "To a yi haka, amma kwalayen nan kada wanda ya taɓa mini su."

Sai dai kada in ɓoye muku, yaran ofis ba su bi ni ba. Da safen nan na ji ɗayansu yana ce wa direba a waya, "Duba a na rezo, na saka maka." Na gida sun karɓa, na nesa sun mayar da shi na rezo, kuma direban ya gane nan take. A rubutu zan ci gaba da "ma'ajin nesa", don 'yan'uwanmu na Najeriya ba su san rezo ba, su sabis suke cewa.

Saura "skane". Wani ya ce ɗaukar hoto, amma hoton faktir da waya a kan gwiwa daban, abin da injin ke fitarwa daban. Mai kalma ya kawo.