Hansel da Gretel a cikin tarihi na gaske: wane zamani zan ɗauka?

Ɗiyar Malam:

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina so in sake rubuta tatsuniyar nan ta Jamusawa, Hansel da Gretel, da Hausa, amma a matsayin labari mai ɗaci na manya. A tatsuniyar, yunwa ta sa iyaye suka zubar da yaro Hansel da 'yar'uwarsa Gretel a daji sau biyu: a karon farko suka bi tsakuwar da Hansel ya yayyafa suka dawo gida, a na biyu tsuntsaye suka cinye ɓurɓushin burodin da ya yayyafa, suka ɓata har suka faɗa gidan burodi mai tagar sukari na wata tsohuwa mayya, ta kulle Hansel a akurki tana kiwonsa don ta cinye shi, Gretel ta tura ta tanderu, suka kwashe dukiyarta, agwagwa ta ƙetarar da su ruwa suka koma gida. Babu tsafi a ciki, babu tsuntsun da ke nuna hanya. Komai ya faru a wata shekara sananniya, a wani daji na gaske a Jamus. Wasu sun ce in ɗauki yunwar 1315, wasu sun ce Yaƙin Shekara Talatin. Wanne ya fi riƙe labarin? Sannan in an cire tsafi, yaya zan yi da gidan da ake ci, da tsohuwa, da tanderu, da dukiyar da yaran suka kwaso?

Baban Hanifa:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin zaɓen shekara a koma kan tatsuniyar kanta, don akwai abu biyu da masu sake rubuta ta ke tsallakewa.

A bugun 1812 na 'yan'uwan nan Jacob da Wilhelm Grimm, matar da ta kawo shawarar a zubar da yaran a daji ita ce ta haife su. Sai a bugu na huɗu, na 1840, aka mai da ita matar uba. In ɗaci kike nema, ga shi nan tun asali. In kuwa matar uban kika zaɓa, ki tuna can ba a haɗa mata biyu a gida, sai uwa ta rasu wata ke shigowa. Kada ki shigo da rikicin bora da mowa, ba shi da wurin zama.

Na biyu ya fi muhimmanci: uban mai saran itace ne, ba manomi ba. Ba shi da rumbu, a kasuwa yake sayen abinci. Shi ya sa bugun ƙarshe ya ce tsada ce ta sauka a ƙasar. Irin wannan mutum farashi ne ke kashe shi tun kafin hatsi ya ƙare a gari. Dajin ma na mai ƙasa ne, in ya kama barewa a ciki ɓarawo ne a idon doka.

Saboda haka ni 1316 zan ɗauka. Ruwa ya fara sauka a arewacin Turai cikin 1315, ya ƙi ɗaukewa. Hatsi ya ruɓe a gona, ciyawar dabbobi ta ƙi bushewa, gishiri ya yi wuya domin babu ranar da za ta ƙafar da ruwan teku, kuma in babu gishiri ba a iya ajiye nama. A shekara mai kyau manomi kan shuka mudu ɗaya ya girbe uku ko huɗu. A waɗannan shekarun wurare da yawa da ƙyar aka sami biyu, ga ɗaya dole a ware na iri, ga ushirin coci, ga kason mai ƙasa. A Ingila farashin alkama ya ninka wajen sau huɗu, har Sarki Edward na Biyu da tawagarsa suka sha wuyar samun burodi a St Albans cikin Agustan 1315. Birnin Ypres, a Beljiyam ta yau, ya binne kusan mutum 2,800 tsakanin Mayu da Oktoban 1316. A Erfurt, wadda ba ta da nisa da dajin Turingiya, an tona manyan ramuka a bayan gari aka zuba dubban gawawwaki. Can zan ajiye gidan mai saran itacen.

Dalilin zaɓen 1316 maimakon 1315 shi ne tatsuniyar tana da zubarwa biyu. A shekarar farko iyali na da abin sayarwa: akuya, tukunyar ƙarfe, bargo. Ta biyun ce ke samun su hannu rabbana. Ki sa tafiyar tsakuwa a kakar 1315, tafiyar ɓurɓushin burodi a tsakiyar 1316, dab da girbi, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Ki bar iyayen su yi lissafi a gaban mai karatu: rabin burodi ya rage, baki huɗu, kwana nawa kafin girbi, wa ke iya ɗaga gatari gobe. Wannan hirar ta dare ita ce wuri mafi ban tsoro a labarin, ta fi tanderu nesa ba kusa ba, muddin kin sa maganar uwar ta zama mai hankali har mai karatu ya rasa inda zai kama ta.

Gidan da ake ci kuma ba ya buƙatar tsafi. Talakan Jamus baƙin burodi yake ci, na wani dangin alkama da suke kira Roggen. A shekara mai laima wata baƙar cuta kan fito a zangarniyarsa, kamar burtuntuna a kan dawa. In aka niƙa ta cikin gari tana kawo farfaɗiya, da zafi kamar wuta a gaɓoɓi, da ruɓewar yatsu, da gane-gane. Yara biyu da suka kwana uku a daji da wannan a cikinsu suna iya ganin bango ya zama burodi.

Mai Kundi:

Baban Hanifa, na yarda da kai kan iyayen, amma 1316 na warware rabin farko ne kawai, ta bar tsohuwa a rataye. A wancan lokacin ba a fara farautar mayu ta gayya ba. Littafin da ya zama jagoran masu farautar, Malleus Maleficarum, sai wajen 1486 ya fito, kuma mafi munin shari'o'in tsakanin 1560 da 1630 aka yi su. In Malama ta rubuta kotun mayu da ƙona mutane rututu a 1316, ta yi kuskuren kusan shekara ɗari uku.

Ni yankin Frankoniya na Jamus zan kai ta, 1626 zuwa 1631. A ƙarshen Mayun 1626 wani sanyi ya sauko ba a lokacinsa ba, ya ƙone inabi da hatsi. Jama'a suka ce aikin mayu ne. Ga Yaƙin Shekara Talatin tun 1618, sojojin haya na cin ƙauyuka, ga kuɗi sun lalace a farkon shekarun 1620 saboda masu mulki na rage azurfar cikinsu. A biranen Würzburg da Bamberg na yankin, bishop, wato babban limamin coci, shi ne sarki. Philipp Adolf von Ehrenberg a ta farko, Johann Georg Fuchs von Dornheim a ta biyu, kowanne ya ƙona ɗaruruwan mutane. A Bamberg har kurkuku na musamman aka gina wa waɗanda ake zargi, a 1627. Magajin garin, Johannes Junius, ya aika wa 'yarsa wasiƙa a ɓoye a 1628 yana bayyana yadda azaba ta sa ya amsa laifin da bai yi ba, kuma wasiƙar tana nan har yau. Abin bai ƙare ba sai a 1631, shekarar da rundunar Suwidin ta kama Würzburg a watan Oktoba.

Ga abin da wannan zamanin ke ba marubuci. A Würzburg yara ma an ƙona su, kuma ana sauraron zarginsu a kan manya. Dokar Sarki Karl na Biyar ta 1532 ta yanke wuta ga sihirin da ya cutar da wani, ta kuma halatta azabtarwa don a sami amsa laifi. To ki ƙaddara yara biyu sun fito daga daji da zobba a aljihu, an kuma tsinci gawar tsohuwa a tanderu. Mafita ɗaya gare su, su ce mayya ce, ta so ta cinye su. Tatsuniyar da duniya ta sani sai ta zama shaidar da suka bayar a gaban alƙali. Ki rubuta labarin hawa biyu: abin da suka faɗa, da abin da ya faru, kina barin ƙananan saɓani tsakaninsu. Hansel ya ce mako huɗu yana akurki, amma ga kanta a tafin hannunsa ta saran itace.

Tarkon wannan hanya shi ne juya tatsuniyar kai ƙasa kawai: tsohuwa waliyyiya, yara shaiɗanu. An gaji da wannan. Ki bar tsohuwar da laifinta. Wataƙila ta kulle yaron da gaske, tana nufin miƙa shi ga sojoji ya zama yaron doki, a ba ta buhun gari.

A kula da wani abu kuma. Za ki ci karo a intanet da labarin wai an tono gidan wata mai toye-toye, Katharina Schraderin, a dajin Spessart, wai wasu 'yan'uwa biyu ne suka kashe ta a 1647 don su sace sirrin toyinta. Ƙage ne. Wani mai zanen barkwanci, Hans Traxler, ya shirya shi a 1963 don shaguɓe, mutane da yawa suka ɗauka gaskiya ne. Kada ki kafa komai a kansa.

Ɗiyar Malam:

Allah ya ƙara basira. Hankalina ya fi karkata ga 1626 saboda kotun, amma zan ari lissafin iyayen. Saura tanderu. Yarinya 'yar shekara goma da yunwa ta cinye za ta iya tura babbar mace ciki kuwa?

Gwaggon Yara:

Ba za ta iya ba, 'yata, sai in tsohuwar ta riga ta shiga da kanta har ƙugu. Tatsuniyar ma haka ta yi, ita ce ta cusa kai don ta nuna wa Gretel bakin na da faɗi.

Ki san yadda tanderun ke aiki kafin ki rubuta wurin. Ginin laka ne ko bulo mai rufin ƙoƙo. A cikinsa ake hura wutar, ta ci sa'o'i har baƙin hayaƙin da ya kama rufin ya ƙone, bulo ya koma fari. Daga nan a jawo garwashi waje da ƙarfe mai lanƙwasa, a share ƙasan da jiƙaƙƙen tsumma a kan sanda, a watsa ɗan gari a ga saurin da zai yi ja, sannan a zura burodi da faranti mai doguwar mariƙa, a rufe. Zafin da bango ya sha ne ke gasawa. Babu mai toyin da ke aika mutum ciki ya duba zafi, kuma yarinyar ƙauye ta san haka. Nan take za ta gane abin da ake nufi da ita, ba sai kin sa tsohuwa ta yi surutu ita kaɗai ba. Lokacin da ya fi dacewa da turawar shi ne na jawo garwashi, mace ta duƙa, hannu biyu a kan ƙarfe, hayaƙi a ido.

Murfin shi ne inda marubuta ke faɗuwa. Tatsuniyar ta ba shi ƙofar ƙarfe da sakata. Tanderun talaka sau da yawa katako ne mai kauri da aka jiƙa, ko faifan dutse, a liƙe gefen da laka. Ba ya kulluwa. Dole Gretel ta tokare shi da gungume ta kuma danne da jikinta, tana jin ana bugawa daga ciki. Layi uku sun isa wurin nan. Wanda ya cika shafi da ƙonewar fata ya mai da labarinsa mahauta, mai karatu kuma ya daina jin komai.

Kiwon Hansel ma a gyara shi. Yaron da ya daɗe cikin yunwa, in aka cika masa ciki farat ɗaya, amai da zawo da kumburi ke biyo baya, wani lokaci zuciya ta tsaya a kwanakin farko. Ƙafarsa za ta kumbura, in an danna yatsa ya bar rami. Tsohuwa mai raunin gani na iya ɗaukar kumburin a matsayin ƙiba, ko kuma ta fi kowa sanin bambancin, ya danganta da irin matar da kike so.

Tambayar da dole ki amsa ita ce ina ta sami abinci alhali kowa na mutuwa. Dazuzzukan da ke kewaye da Nuremberg suna da masu ɗibar zuma da doka ta san da su tun ƙarni na 14, su ke sayar wa masu toya wainar zuma ta birnin. Ki mai da ita matar ɗayansu da mijinta ya rasu. Tana da zuma, tana da kakin da ake kyandir, tana toya wa sojoji, su kuma su biya da zobba da 'yan kunnen da suka ƙwato a ƙauyuka. Ga asalin dukiyar akwatin, ga kuma haɗarinta: wani a kasuwa zai gane zoben matarsa a hannun mai saran itace.

Tagar sukari ki manta da ita. Sukari kayan masu hali ne a lokacin, na gwoza sai bayan 1800 aka fara yin sa a masana'anta. Kada dankalin Turawa ya shiga tukunyar talaka, sai ƙarni na 18 ya zama abincinsu. Wuta da ƙyastu ake kunna ta, babu ashana. Tagar bukka katako ce ko fata, gilashi na coci ne da gidajen attajirai.

Baban Hanifa:

Gwaggo ta gama magana. Abu ɗaya ya rage, agwagwar da ta ƙetarar da su ruwa ɗaya bayan ɗaya. Kogin Main ya ratsa Frankoniya, ki sa mai fito da ƙaramin kwalekwale, ya ce zobe ɗaya kan kowane kai, kuma mutum ɗaya yake ɗauka. Wanda ya fara hawa zai zuba wa ɗan'uwansa ido a gaɓa, da sauran dukiyar a zaninsa. Ki yanke tun yanzu wa ke riƙe da ƙullin, domin shi alƙali zai fara tambaya.